Ƙwan Gauraka a Cikin Hulata

Wai yanzu kallon tsuntsu ma darasi ne. A cika mota da ɗalibai tun daga Dutse, a kai su bakin ruwa, a zaunar da su a rumfa, a miƙa wa kowa madubin hangen nesa, a ce kada wanda ya yi ko tari. Ranar da jikata ta dawo daga makaranta da wannan labari sai da na yi dariya har na ƙware. Mu da tsuntsu ke tashinmu daga barci, mu da ake tura mu gona mu kore shi da gwangwani da majajjawa, yau ga shi an yi masa rumfa ana zuwa gaishe shi. Sai dai dariyar ba ta je ko'ina ba, don ashe yarinyar ba ta gama magana ba. Ta ce malamar da ke kula da wurin tana neman dattijon da ya san tafkin tun yana da ruwansa na da, ya zo ya ba yara labarin tsuntsayen da suka ɓace, ita kuwa tuni ta ɗaga hannu ta ba da sunana. Tafkin nan ba wani ba ne, na garinmu ne, can wajen Jahun, inda aka haife ni, inda kuma na fara koyarwa.

“Na gaya musu kakana abokin gauraka ne,” in ji ta. “Kada ka ba ni kunya, tsoho. In ka ƙi zuwa na fasa auren.”

“A fasa mana,” na ce, “da ma na gaji da mace mai surutu.”

Da murmushi na faɗa, amma ba na son zuwa. Ni na jawo wa kaina. A cikin jikokina duka ita kaɗai ce take zama ta saurare ni. Sauran in sun zo gidana a Yalwawa, gaisuwa ce a tsaitsaye, kowa ya koma kan wayarsa. Ita kuwa tun tana ƙarama sai ta jawo tabarma ta ce a ba ta labarin tafki. Na ba ta labarin gauraka ya fi a ƙirga: tukkunsa mai ruwan zinariya, kuncinsa fari da ja, tafiyarsa ta ƙasaita. Har rawarsa nakan kwaikwaya mata a tsakar gida, in buɗe hannun babbar riga in yi tsalle, kakarta tana daga bakin murhu tana cewa Allah ya shirye ni. Duk gaskiya na gaya mata, amma na tsallake wuri guda. Da wannan tsallaken na sami girman da nake da shi a idonta, ni kuwa a shekaruna babu wani girma da ya rage mini da nake tsoron rasawa kamarsa.

Tafkin da na sani ba shiru ake yi a bakinsa ba, shi ne ma mai hana mutane shiru. Kafin ladan ya sauko, kirinjijiya sun fara fito suna wucewa ta saman gari garke-garke. In gari ya waye aka tura mu shayar da awaki, sai ka tarar da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar wanda aka ba jiran kaya, balbela sun yi fari fat a bayan shanun Fulani, zakaran ƙeƙuwa yana ta ihu yana tona asirin duk wanda ya doso. Mata suna wanki suna buga tsumma a kan dutse, masu su sun kife ciki a kan gora suna bi ta tsakanin bado, mu kuma muna tonon tushensa a cikin laka muna ci ɗanye har bakinmu ya yi baƙi. Aiki ba ya ƙarewa: ɗiban ruwa, yankan ciyawa, tsaron gero in ya fitar da kai. Amma duk abin da kake yi, in kukan gauraka ya taso daga tsallake sai ka ɗaga kai. Kuka ne mai kauri, daga ƙirji yake fitowa, yana bin kan ruwa har cikin gari. Bayan an yi girbi sukan sauka a gonaki su yi kala, su buɗe fukafukai su yi ta tsalle suna rusuna wa juna, mu kuma mu laɓe a bayan bukka muna kallo, an manta da awaki sun shiga waken mutane.

Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce yau darasin tsuntsaye za a yi. Abin a cikin tsawa da harara yake zuwa. In ka ɗaga dutse ka nufi tsamiyar da shamuwa ta yi sheƙa, duk babban da ya gan ka yana da ikon murɗe maka kunne, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Kakarmu takan ce baƙi ne, tare da ruwan sama suke zuwa, mutumin kirki ba ya jifan baƙonsa. Gauraka kuwa yana hannun sarkin ruwan garinmu, wani tsoho mai ƙarancin magana da muke kira Baba Sarki. A ƙasa gauraka ke yin gida, ya tattake ciyawa a tsakiyar ruwa mara zurfi ya yi ƙwai a kai. Baba Sarki ya san wurin kowace damina. Ba ya kafa alama, ba ya shela, sai dai kawai ka ga masu su suna kauce wa wannan gefen, mata masu yankan ciyawa ma sun koma wani wurin, har sai 'ya'yan sun fara bin iyayensu. Mu yara mukan saci ƙwan kurciya da na fakara, ba zan yi wa kaina tsarki ba, amma a ɓoye muke yi, mun san abin kunya ne.

Sai aka kai ni makaranta, daga nan kwalejin horon malamai. Na dawo garinmu da keke da agogon hannu da kai a kumbure. Kafin in dawo gauraki sun yi ƙaranci ƙwarai. Wasu an kama an kai gidajen masu hali suna yawo a tsakar gida da yankakken fiffike, wasu kuma shinkafa ta cinye musu fadama. Biyu kacal suka rage a tafkinmu, mace da namiji. Kowa ya san haka, har da ni.

A kwaleji an koya mana cewa kowane aji ya kamata ya sami tebur guda a lungu, inda za a jera abubuwan daji don yara su gani su taɓa. Na ɗauki abin da zafi. Na ce duk wanda ya kawo wani abu zai sami maki, wanda ya kawo abin da ba a cika gani ba makinsa ya fi. Kafin wata biyu teburina ya cika: saɓar maciji, ƙoƙon kunkuru, gashin tsuntsu iri-iri, sheƙa da aka ciro ɗungum daga reshe. Sai ƙwai. Na ƙware a gyaran ƙwai. In huda shi da allura sama da ƙasa, in sa baki in hure abin da ke ciki, in wanke ɓawon, in kwantar da shi a kan auduga, in rubuta sunansa a 'yar takarda da kyakkyawan rubutuna. Abin da a da yaro ke yi a ɓoye yana waige-waige, sai ga shi yana yi da rana tsaka, in babba ya yi magana ya ce Malam ne ya aiko shi. Babba kuma sai ya yi shiru, don a lokacin nan ba a jayayya da boko, ana ganin akwai wata hikima a ciki da ba kowa ke gane ta ba.

Wajen ƙarshen wata damina aka aiko cewa mai duba makarantu zai zo. Na tsaya na dubi teburina, na ga duk abin da ke kai kowace makarantar ƙauye za ta iya samu. Ina son abin da ba kowa ke da shi ba. Na fara tambayar yara inda gauraka ya yi gida a bana. Maganar ba ta kwana biyu ba ta kai kunnen Baba Sarki. Ya tare ni a bakin masallaci, mutumin da ya san ni tun ina yawo ba wando, amma ya kira ni da Malam.

“Malam, an ce kana cigiyar gidan gauraka. Ka bar su. Su ke nan suka rage mana.”

“Baba, ai ilimi ne,” na ce. “Ba ci za mu yi ba.”

Ya dube ni ya ce, “Da ci ne ma da na gane.” Ya sa takalminsa ya tafi. Ni kuwa har tausayinsa na ji, wai bai san abin da duniya ke ciki ba.

Na kwashi 'yan babban aji da safe muka tafi, na naɗe wando, muka shiga ruwa har cinya. Da muka matso, ɗaya daga cikin tsuntsayen ya tashi daga kan ciyawar ya yi gefe yana jan fiffike a ruwa kamar ya karye, don mu bi shi mu bar gidan. Ɗayan ya tsaya a gabanmu ya buɗe fukafukai yana tsalle yana wannan kuka. Na san ko mene ne, a bakin tafkin nan na girma. Amma sai na juya na ce wa yara, “Kun gani? Rawa suke yi mana.” Yara suka yi tafi. Ƙwai uku ne, manya, da ɗuminsu. Na cire hulata na shimfiɗa ciyawa a ciki na jera su, muka fito ina tafe a gaba kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Da aka tashi yara na zauna ni kaɗai a aji da allurata. Na huda na farko, na hura, ba abin da ya fito. Na faɗaɗa hujin, sai ga jini, sai ga jiƙaƙƙen gashi. Ashe sun kusa ƙyanƙyashewa. Na lanƙwasa waya na riƙa zaƙulowa kaɗan-kaɗan. Na biyu ma haka. Da na ɗauki na uku sai na ji motsi a tafin hannuna, ana ƙwanƙwasa ɓawon daga ciki, sannan wani siririn kuka, ciyau, ciyau. Na ajiye shi. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Daga baya na ɗauki allurar na gama aikina. Abin da na zaƙulo na binne a bayan aji, na wanke hannu, washegari na gaya wa yara hurewa na yi kamar kullum.

Kwana da kwanaki tsuntsayen nan biyu suna kewaya saman gari suna kuka, safe da yamma. Ina cikin aji ina rubutu a allo ina jin su, in ɗaga murya don in danne. Daga nan aka daina jin su. Damina ta zagayo ba su dawo ba, ta sake zagayowa ba su dawo ba, har yau. Mai duba makarantu ya zo, ya tsaya a gaban tebur bai fi ƙiftawar ido ba, ya ce madalla, ya tambaye ni sunan tsuntsun da Turanci, ya rubuta wani abu a littafinsa. Shekarar da ta biyo aka ɗaga ni aka kawo ni Dutse. Ɓawon ƙwan kuwa, an ce ɓera ne ya farfasa shi a lokacin hutu. Baba Sarki bai taɓa tayar mini da maganar ba. Duk sanda na je gida zai amsa gaisuwata, ya tambayi iyali, ya kira ni Malam, har Allah ya karɓi ransa. Da ya zage ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Da wannan kaya a kaina na shiga motar 'yan makaranta, jikata tana ta nuna ni ga ƙawayenta. Da muka isa, da ƙyar na gane wurin. Ruwan ya ja baya, inda muke iyo ya zama gonar shinkafa, injinan ban-ruwa suna ta tatata inda a da kirinjijiya ke fito. Amma a gefe guda an killace wani yanki an bar shi da ciyawarsa da badonsa, an yi ɗaki mai hotunan tsuntsaye, an shimfiɗa katako ana takawa har zuwa wata rumfa a bakin ruwa. Malamar wurin yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yar autata ba, da hijabinta da dogon takalmin roba. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce yau sun yi babban baƙo. Na so a ce ta rage wannan girmamawa.

Na zauna a baya ina kallon yadda take aikinta. Ba ta da tebur, ba ta da auduga. Takan ce su rufe ido su ƙirga kuka iri nawa suke ji, sai ka ga yara kusan arba'in sun yi tsit, abin da ni da bulala ma ban taɓa samu ba. A hanyar komawa ɗakin wata yarinya ta yi ƙara, ta ga ƙwan zakaran ƙeƙuwa a ƙasa, a ɗan rami tsakanin tsakuwa, har ta miƙa hannu. Malamar ba ta yi tsawa ba. Cewa ta yi, “Kowa ya ja baya taku goma. Uwar tana can tana kallonmu, in mun daɗe rana za ta dafa mata su.” Suka ja baya, suka leƙa da madubi, kowa ya zana abin da ya gani a littafinsa, muka wuce. Ban kai ƙarshen katakon ba na waiga, na ga uwar ta dawo da gudu ta zauna. Wannan ke nan duk darasin. Ba abin da ya fi shi sauƙi, ni kuwa da takardar shaidar malanta ban gano shi ba, tsohon da bai san bihim ba ya gaya mini na ƙi ji.

A cikin ɗakin ta nuna musu hoton gauraka, ta tambaya wa ya taɓa ganinsa. Yaro ɗaya ya ce ya gani a gidan wani mai kuɗi a Kano, a bayan waya. Ta ce to ku ji muryarsa, ta latsa wayarta. Kukan ya cika ɗakin. Rabona da jin sa tun ina da baƙin gashi, sai na dafa benci. Yara suka fashe da dariya, wai kamar hon ɗin tsohuwar mota. Daga nan ta ce ga Baba, shi ya gan su da idonsa a nan wurin.

Na ba su labarin kala da rawa, na ba su na Baba Sarki da yadda masu su ke kauce wa gidan. Jikata tana gaba, fuskarta kamar an ba ta kyautar gari. Sai wata ta ɗaga hannu ta ce, “Baba, to ina suka tafi?” Malamar ta buɗe baki za ta amsa, na ce ta dakata. Na ce biyun ƙarshe da suka rage a tafkin nan, wani malamin makaranta ne ya kwashe musu ƙwai ya jera a tebur don a yabe shi, kuma ni ne malamin. Ban yarda na dubi inda jikata take ba.

Malamar mai kirki ce, nan da nan ta kawo mini agaji. Ta ce ba mutum ɗaya ya kori gauraka ba, akwai fari, akwai noma, akwai masu kamawa su sayar, kuma a zamanin su Baba haka ake koyarwa ko'ina. Ta ce a tafa wa Baba saboda gaskiyarsa. Aka tafa. Wani ya tambayi girman ƙwan, na gwada masa da hannu, aka fita cin abinci. Na ga na tsira da arha: na faɗi rabi, an ba ni ladan duka. Har na fara jin iska tana shiga ƙirjina.

A mota jikata ta zo ta zauna kusa da ni. Sauran yara suna ta waƙa a baya. Sai da muka wuce Kiyawa, duwatsun Dutse suka fara bayyana, sannan ta yi magana, a hankali, ba tare da ta dube ni ba.

“Kaka, Malama ta ce in ƙwai sabo ne ba komai a ciki sai ruwa. Naka sababbi ne, ko?”

Ga ƙofa ta buɗe mini da hannunta. Kalma ɗaya ce, ba kuma wanda ya rage a duniya da zai ƙaryata ni. Na dubi 'yan yatsunta a kan littafin da ta zana ƙwan zakaran ƙeƙuwa, na ji ba zan iya ba.

“Ba sababbi ba ne. Da 'ya'ya a ciki. Na ukun ma yana kuka.”

“Bayan ka huda?”

“Kafin in huda.”

Ina ganin yadda take ta lalube, tana nemo mini wata hanyar.

“To ai da ka mayar da shi. Ko tafkin da nisa daga makarantar?”

“Ba nisa. Ga kekena ma a bakin ƙofa.”

“Iyayen sun riga sun gudu ne?”

“Suna nan. Ina jin kukansu daga cikin aji.”

“To dare ne ya yi, kana tsoron shiga ruwa.”

Wannan ba tambaya ba ce, roƙo ne. Ta juyo ta dube ni, idonta ya cika, tana jira in ce e.

“A'a, uwata,” na ce. “La'asar ma ba ta yi ba.”